Amsar Tambaya: Yankan Allon Ɗora Kek

'Yar'uwa, gefen allon da kike ɗora kek yana yagewa ne saboda reza. Allon nan soso ne tsakanin takardu biyu, kuma rezar da ta dakushe jan soson take yi har ya dunƙule. Ki sa sabuwar reza, ki danne rula ta ƙarfe, ki ɗan kwantar da rezar, sannan ki bi layin sau uku a hankali: takardar sama, soso, takardar ƙasa. Wasu za su ce yawan canza reza ɓarnar kuɗi ne, alhali allon da ya lalace ya fi reza tsada nesa. Almakashi kuwa, duk da saurinsa, matse soson yake yi, gefen ya lotsa, ko an naɗe shi da ribon sai ya nuna.