Fita Cin Abinci Ran Asabar da Daddare

Ran Asabar bayan sallar Isha'i, duk wanda ya bi Titin Gidan Zoo a Kano, ko ya ratsa Sabon Gari, zai tarar da gidajen abinci sun cika sun batse. Ma'aikaci ba shi da ofis gobe. Ɗan kasuwa ya rufe shago ya ƙirga ciniki. Samari sun taso daga gidan kallon ƙwallo, ga abokan ango sun kwaso baƙin da suka zo ɗaurin aure. Kowa yunwa yake ji, kowa sauri yake yi. Ana sauke tukunya ana ɗora wata, hayaƙin tsire da na gashin kifi ya turnuƙe waje, yara masu kai abinci suna ta kai da kawowa da faranti uku-uku a hannu.

Ba aibu ba ne magidanci ya ɗebi iyalinsa ya kai su irin wannan wuri in Allah ya hore masa. Uwargida ta huta da hura wuta na dare guda, yara su ga gari.

Ku 'yan ajinmu na koyon karatu, yawancin abin da ake buƙata a can kun riga kun sani. A cikinku akwai masu jikoki, akwai wadda tuwon sayarwa ne sana'arta tun tana amarya. Ba ni zan gaya muku yadda ake gane miyar da ta yi tsami ba. Ku tafi da wuri, tsakanin Magariba da Isha'i, kafin cunkoso. Ku tambayi kuɗin abu kafin a zuba; yanzu da kuka fara karatu, ga allon farashi nan a bango, ku karanta da kanku. Ku zaɓi abin da aka sauke yana tururi, domin dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a ajiye ba bisa wuta ba, ya fara zama abin tsoro. Ku riƙe 'yan kuɗi a aljihu, saboda a irin wannan dare sabis yakan ɗauke, na'urar POS ta ƙi, taransifa ta maƙale. Ku ƙirga canji. Waɗannan duk masu sauƙi ne.

Abin da ya sa aka rubuta wannan darasi shi ne robar wanke hannu. Kada ku tsoma hannu cikin ruwan da wani ya wanke hannunsa. A zuba muku ruwa daga sama, da sabulu, ya zube ƙasa ko cikin wani mazubi dabam.

Kun san robar da nake nufi. Da kun zauna yaro zai dire ta a tsakiyar tebur, ruwa rabi, wani lokaci da guntun sabulu ya nutse a ƙasa ya yi laushi. Ran Talata da rana, wuri ba kowa, mai yiwuwa sabon ruwa ne. Ran Asabar da dare kuwa, ku yi lissafi da kanku. Gidajen abinci da yawa a wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa, jarka-jarka, kuma mai gidan yana ƙirga kowace jarka. Yaro ɗaya yana kula da tebur biyar ko shida, wannan na kira, wancan na buga tebur. Yaushe zai je ya zubar, ya ɗauraye, ya ɗebo sabo? Daga teburin da aka tashi yake ɗauko ta ya kawo muku. Ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi masa yawa. Amma hannun da ya shiga ruwan nan kafin naku ya riƙe kuɗi, ya riƙe ƙarfen adaidaita sahu, ya gaisa da mutum ashirin, wataƙila kuma yanzun nan mai shi ya fito daga bayan gida da buta ba sabulu.

Ga yadda aka yi a wani gida a unguwarmu, inda uwargidan take zuwa wannan aji namu.

Maigidan ya karɓi albashi, ya yi wa yara alkawari tun ran Laraba. Ran Asabar tun La'asar gida ya rikice. Babbar 'yar ta ɓata rai wai ƙanwarta ta sa mata ɗankwali. Auta ya nemi takalminsa wari guda, aka juye ɗaki, ashe yana cikin akurkin kaji. Mahaifiyar maigidan tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ga tuwo a gida, ga kuka, ga daddawa, sai an je an kai wa wani kuɗi? Ni dai ba inda za ni." Can da ta ga da gaske tafiya za a yi, sai ta ce, "To, in akwai farfesun kayan ciki mai laushi, a ƙunso mini. Kada a sa yaji da yawa."

Uwargida ta gama shiri, ta koma ɗaki ta yanko guntun sabulu ta naɗe a leda ta jefa a jaka.

Maigida ya ce, "Wanka za ki yi a can?"

Ta ce, "Malam, mu dai je."

Sun samu wuri da ƙyar, sai da wasu samari suka tashi. Maigida ya ce a kawo masa sakwara da miyar agushi, uwargida tuwon shinkafa da miyar taushe, yara kuma shinkafa dafa-duka da kaza. Kafin abinci ya iso yaro ya kawo roba ya dire. Maigida ya naɗe hannun riga.

"Malam, dakata."

"Mene ne kuma?"

"Dubi ruwan."

Ya duba. Ruwa ya yi fari-fari, manja yana yawo a samansa ja-ja, a gefen robar kuma ga maiƙo ya yi zobe.

Yaron ya ce, "Hajiya, wallahi yanzu na canza shi."

Auta ya leƙa, ya ɗaga murya yadda na tebur uku za su ji, ya ce, "Baba, ga ƙayar kifi a ciki!"

Maigida ya ji kunya ta kama shi. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Haba, a gaban mutane? Za a ce mun cika iyayi."

Ta ce, "A ce mana. Ni zan kwana da su in cikinsu ya ɓaci, ba masu cewa ba." Ta juya wajen yaron, ba faɗa, ta ce, "Ɗan nan, sannu da aiki. Kawo mana ruwan leda huɗu, ka sa a lissafinmu. Robar ka bar ta nan, a cikinta za mu zubar."

Ta ɓula leda, ta fiddo sabulu. Ta fara da Auta, ta murza masa tafi da baya da tsakankanin yatsu, babbar 'yar tana tsiyaya ruwa. Sannan sauran yaran, sannan ta zuba wa maigida, shi kuma ya karɓa ya zuba mata yana waige-waige. Yaron ya miƙo tsumman da ke rataye a kafaɗarsa. Ta ce, "Bar shi, na gode," suka yarfe hannu iska ta busar. Wata mata a teburin kusa ta miƙo hannu ta ce, "Baiwar Allah, ɗan ara mini sabulun nan."

Da suka dawo gida da farfesu a leda, kafin kowa ya buɗe baki Auta ya ba kakarsa labarin ƙayar kifi. Ta ce, "Ai na faɗa muku ga tuwo a gida." Ta jawo kwano, ta ce a miƙo mata buta.

Ku lura da wanda aka fara wanke wa hannu. A al'adarmu in an kawo kwano, babba ne yake farawa, sai mai bi masa, yaro ne na ƙarshe. Ladabi ne, ba wanda ya ce a bar ladabi. Amma da kwano ɗaya, ma'anarsa ruwan da ya fi kowane dauɗa shi ne rabon wanda ya fi kowa rauni. In ana zubawa daga buta, babba ya fara ko yaro ya fara, kowa sabon ruwa ya samu. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sau biyar a rana muna ɗaukar buta mu zuba wa kanmu ruwa, ba wanda yake tara ruwan alwalar wani ya yi tasa da shi. Me ya sa in an zo cin abinci sai a manta? Kada ku tsoma hannu cikin ruwan da wani ya wanke hannunsa.

Akwai wani maƙwabcinmu, duk sanda aka yi wannan magana sai ya yi dariya ya ce tun kaka da kakanni a ƙwarya ɗaya ake wanke hannu, ga shi nan bai mutu ba. Shi bai mutu ba, gaskiya ne. Amma kusan kowane wata sai ka gan shi a kemis yana sayen maganin taifot. In jaririn gidan yana zawo, a ce haƙori ne. In na tsakiya ne, a ce mangwaro ya sha. In shi ne da kansa, zafin gari ne. Komai yana da laifi ban da hannu. Mutum ne mai sayen turare mai tsada, amma sabulun wanke hannu ya gagare shi. Ni irin wannan ya daina ba ni dariya, domin yaransa da namu tare suke wasa, tare suke cin gyaɗa a leda ɗaya.

Ƙwayar cutar kwalara, wato amai da gudawa, da ta taifot, hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mai ɗauke da ita zuwa bakin mai lafiya, ta ruwa, ta abinci, ta hannu. Ido ba ya ganinta, ruwa yana iya zama garau alhali tana ciki. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yawancin waɗanda kwalara ta shiga jikinsu ba sa kwanciya ciwo. Suna yawonsu lafiya lau, suna zuwa gidan abinci, amma ƙwayar tana fita a bayan gidansu har kwana goma. Saboda haka kyan rigar wanda ya riga ka tsoma hannu ba shaida ba ce. Kwalara takan bayyana daga awa 12 zuwa kwana 5 bayan ta shiga. Taifot kuwa takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, lokacin an manta da fitar ran Asabar, shi ya sa ba wanda yake zargin roba.

A shekarar 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Nijeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne kan gaba, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne abin ya fi shafa. Babban tushen annobar gurɓataccen ruwan sha ne da bayan gida a fili. Gyaran rijiya da famfon gari ba a hannunku kaɗai yake ba. Robar da ke kan teburinku kuwa, ku ne da ita.

Ba sai kowa ya sayi ruwan leda ba. Buta ma ta isa, ko moɗa, muddin daga sama ake zubowa. Wasu gidajen abinci suna ajiye gorar roba da aka huda murfinta aka zuba ruwan omo, wannan ya yi. Wasu suna da bokiti mai famfo a gindi, da roba a ƙasa mai tare ruwa. Wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi. A 2020, lokacin korona, ba ƙofar banki ko shagon da ba ka ganinsa. Yau da yawa sun koma bokitin wanki, wasu suna nan a ƙofa ba ruwa, ƙura ta rufe murfin. In kun shiga gidan abinci kun ga nasu da ruwa da sabulu, ku tashi ku je can, ko da layi ne. Ku murza kamar daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce, ku ɗauraye. Tsumman da kowa ya goge hannu da shi ku bar shi inda yake, shi da robar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Masu sayar da abinci da ke cikin ajin nan, da ku ma nake. Buta biyu da sabulu ba za su karya jari ba. Ku ajiye robar da ake zubarwa dabam, ku hana yaranku dire wa mutane ruwan da aka yi amfani da shi. Haka kuma a gidan biki da gidan suna, inda ake jera mata goma a kan daro ɗaya. Kada ku tsoma, kada ku bari yaro ya tsoma.

In kuma an dawo gida, cikin kwanakin nan wani ya fara gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da amai ko babu, kada a jira gari ya waye. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin 'yan awoyi saboda ruwan jiki ya ƙare. A jiƙa ORS na sacet cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a samu lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, duka a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba tsayawa. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Mai shan nono a ci gaba da ba shi nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ana ba shi ana neman abin hawa zuwa asibiti, mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa shi ko kayansa.