Jirgin da ke Gadin Teku daga Sama

'Yan'uwa ɗalibai, mu a nan Illela mun san masu gadin iyaka, kullum muna ganin jami'an kwastan a hanyar Ƙonni. To amma Najeriya tana da wata iyaka a kudu, wato gaɓar teku mai tsawon kilomita 853. Can babu shinge, babu ƙofa. Da jiragen ruwa da na sama ake gadinta.

Yawancinmu mai saukar ungulu muka fi yabo, don shi ne ke tsayawa cak a sama ya zura igiya ya ciro wanda ruwa zai ci. Jirgi mai kafaffun fukafukai ba ya iya wannan, in ya tsaya faɗowa zai yi. Amma ya fi gudu, ya fi nisan zango, kuma yakan daɗe a sama kafin mansa ya ƙare. Da na'urar rada da kyamara yake hango kwalekwalen 'yan fashi, sai ya sanar da sojan ruwa inda za su nufa. Shi ke ganowa, wasu su sha yabo.

A 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a Mashigin Tekun Gini. A watan Yunin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA a Legas, da irin wannan jirgi 2 da masu saukar ungulu 3. A ganinmu 2 sun yi kaɗan.

Kada mu ce ina ruwanmu. Baburan da ake sayarwa a kasuwar Illela ta teku suke shigowa, in fashi ya yawaita kuɗin dako zai tashi, iyayenmu su biya.