SAƘAR KWARASHI: DARASI A KAN SABABBIN ADO

 Darasin wannan wata na mata ne, amma muna roƙon magidanta kada su tsallake shafin, gama maganar ta taɓa rumbu.

Kowa a Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal ya san yadda abin yake. Da an gama girbi sai bukatu su taso: suna, biki, maganin yaro, littafin makaranta. Ba kuɗi a hannu, sai a buɗe rumbu a auni gero a kai kasuwa daidai lokacin da ya fi araha. Kafin watan Agusta, gidan da ya sayar shi ne zai koma yana sayen hatsin nan da tsada. Idan uwargida tana da sana'ar da ke kawo 'yan kuɗi da rani, mudu da yawa za su zauna a rumbu har damina.

Mata da dama cikin ƙungiyoyinmu sun iya riƙe kwarashi. Amma duk hula iri ɗaya suke saƙawa, fayau, ba ado. A gefe kuma ga mai gwanjo ya baza rigunan sanyi da huluna na inji, da arha. Ba mai saƙar hannu da za ta yi tsere da inji ta ci. Sai dai akwai abu ɗaya: injin masaƙa ya iya saƙar allura, ya iya kwaikwayon ta kwarashi, amma ainihin saƙar kwarashi har yanzu da hannu ake yinta. Sabili da haka ado shi ne kasuwarmu. Abin da za mu nuna a nan shi ne, ado ba wani asiri ba ne. Ƙidaya ce kawai.

Tushe huɗu

Kowace mai koyarwa da sunayen da take ba saƙa. Ga waɗanda za mu yi aiki da su, domin mu fahimci juna. Zaren da ke rataye a jikin kwarashi za mu kira shi zobe. Ramin da ake soka kwarashi a ciki kuwa, ido.

Sarƙa kowa ta sani: a naɗa zare, a jawo ta cikin zobe. Gajere: a soka a ido, a jawo zare, zobe ya zama biyu, a naɗa a jawo ta cikinsu duka. Dogo: a fara naɗa zare tukuna kafin a soka, a jawo, zobe ya zama uku, a naɗa a cire biyu, a sake naɗawa a cire biyun da suka rage. Zarge: a soka a jawo zare ta cikin ido da zobe gaba ɗaya. Shi ba shi da tsawo, aikinsa ɗaurewa. In za a juya layi, sarƙa 1 ake yi wa gajere, sarƙa 3 ake yi wa dogo.

Wadda hannunta bai zauna a kan waɗannan ba, kada ta yi gaggawa. Ta saƙa ƙyalle kamar tafin hannu, ta dube shi. In gefensa ya miƙe, ta wuce gaba. In yana tsukewa kamar bakin tulu, tana zubar da ido a ƙarshen layi ke nan, sai ta warware ta sake.

Mafici

Wannan shi ne adon da muka fi so a fara da shi, domin yana da sauri, yana da kyan gani, ba ya kuma cin zare ainun. Dogo 5 ne ake zubawa a ido guda, sai su baje kamar maficin kaba.

Ki ja sarƙa 32. Ki yi gajere a ido na biyu daga kwarashi. Ki tsallake ido 2, ki zuba dogo 5 a na gaba. Ki sake tsallake 2, ki yi gajere. Mafici ɗaya ya fito. Haka za ki yi ta yi har ƙarshe, za ki sami mafici 5. Kowane mafici ido 6 yake ci, saboda haka in kina son faɗi, ki riƙa ƙara sarƙa shida shida: 38, 44, 50. In kika ja 40, layinki ba zai ƙare daidai ba, kuma laifin ba na kwarashi ba ne.

A layi na biyu ne mata suka fi ruɗewa, sai a lura. Ki ja sarƙa 3, ki juya, ki yi dogo 2 a ido na fari. Wannan rabin mafici ne, shi ke miƙar da gefe. Sa'an nan ki yi gajere a kan dogo na uku, watau tsakiyar maficin ƙasa. Ki zuba dogo 5 a kan gajeren da ke cikin kwari, tsakanin mafici biyu. Ka'idar ke nan: gajere a kan tudu, mafici a cikin kwari. Ki rufe layin da dogo 3 a ido na ƙarshe. Layi na uku kamar na fari yake: sarƙa 1, gajere a ido na fari, mafici a kwari, gajere a tudu. Da wannan kaɗai ana saƙa mayafin jariri sukutum, ana kuma yi wa hula ko ɗankwali baki. In an canja launin zare bayan kowane layi biyu, sai ka ce wani aiki ne dabam.

Haƙori da ƙwaruru

Haƙori na bakin kaya ne. Gajere 3, sarƙa 3, a koma a zarge a sarƙar farko, sai ɗan tsini ya fito. A maimaita. Tsohon zanen gado ma in aka yi masa wannan baki da farin zare, yakan farfaɗo.

Ƙwaruru kuwa ɗan dunƙule ne da ke tasowa a jikin saƙa. Ki naɗa, ki soka, ki jawo zaren da ɗan tsawo. Ki yi haka sau 4 a ido guda, ki ƙirga, zobe 9 ne a kwarashi. Ki naɗa ki jawo ta cikinsu duka, ki kulle da sarƙa 1. Yana da kyau, masu saye kuma suna son taɓa shi. Amma mu a ganinmu, gishiri ne, ba tuwo ba. Yana shan zare ƙwarai. Layi ɗaya a bakin hula ya isa. Wadda ta cika mayafi da shi daga sama har ƙasa, mai kantin ulu ta yi wa aiki.

Taga

A nan za mu ɗan daɗe, gama wannan ita ce saƙar da za ta ba ku ikon fitar da naku zane, ba sai kun jira na wani ba. Dogo, sarƙa 2, a tsallake ido 2, dogo: taga a buɗe ke nan. In aka sa dogo 2 a maimakon sarƙa 2, taga ta rufe. Shi ke nan, ba wani abu. Don taga 10 a jere, ki ja sarƙa 35, ki yi dogo na fari a ido na 8 daga kwarashi. Lissafin shi ne, yawan taga sau uku, a ƙara biyar.

Yanzu ki ari littafin lissafi na ɗanki, mai gida-gida. Kowane gida taga ɗaya ne. Ki cike waɗansu gidaje da fensir har siffa ta fito, sa'an nan ki bi da kwarashi layi layi daga ƙasa zuwa sama, gidan da aka cike a rufe, wanda aka bari a buɗe. Layi ɗaya za ki karanta daga dama, na biye daga hagu, domin juya aikin kike yi. Harufa suna fita sarai ta wannan hanya. Ana iya saƙa sunan jariri a mayafinsa, ko sunan amarya a rigar matashi. Abin da aka sa wa sunan mutum, ba ya taya shi kamar kayan gwanjo.

Kuma ba sai mun nemo furannin Turawa ba. Ku dubi faifan da kakanninmu ke ɗinkawa, da zanen da ke bayan ƙwarya, da dagin da ke jikin babbar riga. Duk abin da ke da layi da kusurwa yana shiga littafin lissafi. Wannan saƙa ta fi kyau da siririn zaren auduga da ƙaramin kwarashi na ƙarfe, milimita 1.5 zuwa 2. Ulu na kayan jarirai kuwa yakan tafi da milimita 3 zuwa 4.

Hular da ta zauna a kai

Ado ba ya ceton hular da ba ta shiga ba. A fara da dogo 12 a da'ira. Zagaye na biyu 24, na uku 36, na huɗu 48, watau ƙarin 12 kowane zagaye. In faifan ya yi tattara kamar ganyen latas, ƙarin ya yi yawa. In ya lanƙwashe kamar ƙoƙo tun da wuri, ya yi kaɗan. Kewayen kan sabon jariri yakan kai wajen santimita 35. Saboda haka in faɗin faifan ya kai santimita 10, a daina ƙari, a ci gaba da zagayawa a miƙe. A nan mafici zai shigo. Ido 48 sun rabu shida shida, mafici 8 ke nan cif.

Gargaɗi a kan jarirai, kada a ɗauke shi da wasa. Yawancin ulun da ke kasuwa yau ba gashin tunkiya ba ne, dangin roba ne. In wuta ta kama shi narkewa yake yi, ya manne a fata. Ga shi kuwa da hunturu ne ake sa shi, lokacin da kowane ɗaki da kaskon wuta. Ku gaya wa mai saye wannan da bakinku. Kada a sa masa dutsen guga mai zafi, kada a yi abin sauke tukunya da shi. Wannan aikin abawa ne, in akwai tsohuwa mai kaɗi a gidan. Kada kuma a ɗinka duwatsun ado ko a sa doguwar igiya a hular jariri. Abin da hannunsa ya kama, baki zai kai.

Yadda waɗansu suka yi a ƙungiya

A shekarar 1845 ciwo ya faɗa wa dankalin ƙasar Ailan, aka yi shekaru ana yunwa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Cikin abubuwan da suka riƙe gidaje da yawa har da saƙar kwarashi. A garin Clones, matar wani fasto mai suna Cassandra Hand ta sa aka koya wa mata saƙar leshi, ana kai wa masu kuɗi a birane. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda suka raba aikin. Wata fure take saƙawa, wata ganye, wata kuma aikinta ta harhaɗa su. Kowace ta gwanance a kan nata.

Mu ma haka ya fi mana. Ba dole kowace mace ta iya duka ba. Mai ido da haƙurin ƙidaya ta riƙe taga. Mai saurin hannu ta yi jikin mayafi. Tsohuwar da idonta ya rage ta yi baki da kauraran zare. Zare kuma a haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya ya sayo da yawa a Sakkwato ko Jega, maimakon kowace ta biya kuɗin mota don ƙulli biyu, balle yanzu da ba a son yawan zirga-zirga a hanya. Mai sayowa ya dubi lambar rini a takardar ƙullin, ya ɗauko masu lamba ɗaya. Shuɗi biyu da suka yi kama a kanti sukan bambanta a rana.

Sai maganar lokaci. Kayan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake nemansu. Hular da aka gama a Maris, sai ta kwana cikin akwati wata takwas, kuɗinku a ciki. To, a yi huluna da safa yanzu da sauri. Da zafi ya shigo a koma kan abin da ba shi da lokaci: marufin kwano, rigar matashi, bakin zanen gado, kayan ɗakin amarya. Kafin a yanka wa abu farashi kuma, a rubuta kuɗin zaren da ya ci, da kwanakin da aka yi a kansa. Magidanta da suka iya rubutu, ga inda za ku taimaka. Kuɗin kuwa na mai saƙa ne.

'Yan mata masu koyo daga hotuna a waya ko littattafan Turanci, ku lura da wannan: Amurka da Ingila ba su kiran saƙa da suna ɗaya. Dogon namu, a Amurka "mai biyu" ne, a Ingila "mai uku". Mai biyun Ingila kuwa shi ne gajerenmu. Ku dubi hannun mai saƙar, ku ƙirga naɗinta, kada ku bi sunan.

Aikin da za a kawo taro mai zuwa

Kowace ta saƙa ƙyalle biyu masu girma ɗaya, kamar tafin hannu, ɗaya da mafici, ɗaya da ƙwaruru. A wurin taro za a warware su, a auna zaren kowanne da kamu, magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya. Kowace kuma ta zo da zane ɗaya a takarda mai gida-gida, wanda bai wuce gida 15 a faɗi ba, ta ɗauko shi daga wani abu na cikin ɗakinta. Wadda ba ta da kwarashi ta faɗa wa shugabar mata tun kafin ranar, domin a nemo mata aro.