Hular Kwano: Me Doka Ta Ce Kan Tallarta?

Wani mai sauraro daga Zariya ya tambaya ko doka ta tsawatar kan tallar hular kwano ta bogi.

Ta tsawatar, malam. A Najeriya, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudara a talla. Hukumar SON kuma ke duba ingancin kaya. Ɗan kasuwar da ya sayar da hular magina da sunan ta babur ya taka doka, domin ba ta da soso mai kauri da ke shanye bugu.

Hular bogi ba sabon abu ba ce: da aka tilasta sanya hular kwano a Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa a ka!

Tambarin inganci na DOT na Amurka da ake gani a jikin hular kwano ma kamfani ne ke liƙa wa kansa, shi ya sa jabunsa ya yawaita.