Amsar Tambaya: Tashi da Iyali daga Gabi zuwa Maradi

Tambaya: Ina son komawa Maradi da matata da yara biyu. Yaushe ya dace?

Amsa: Ɗan'uwa, ka bari sai kaka. Hatsin da za ka girbe a Gabi shi zai riƙe gidanka watannin farko, domin a Maradi ga kuɗin haya, ga ruwan sha ma saye ake yi. Ka fara zuwa kai kaɗai, ka kama ɗaki, sana'a ta zauna, sannan ka ɗauko iyali. Za ka ce lakwal tana buɗewa a Oktoba, kafin a gama girbi. Gaskiya ne, amma makarar mako biyu ta fi sauƙi a kan yunwa da bashi. Ka shawarci uwargida, ku tafi da takardun haihuwa da katin rigakafin yara, kuma kada ka sayar da gonarka.