Tundurmi da Matsalolin da Ke Biyo Bayansa

Tundurmi kumburi ne na ƙafa ko hannu, wanda ke samuwa idan ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki suka lalace. A Nijeriya galibi wata tsutsa ce da sauro ke yaɗawa take jawo shi, ita ce kuma ke kawo wa waɗansu maza gwaiwa. Akan ga irinsa a hannun matan da aka yi wa aikin ciwon dajin nono.

Abin da ya fi wahalar da mai tundurmi shi ne zazzaɓin da ke taso masa lokaci-lokaci. Fatar da ta kumbura ba ta da ƙarfin tsare kanta, saboda haka ƙwayoyin cuta sukan shiga ta faso, ko cin ruwa a tsakanin yatsu, ko ɗan ƙwarzanen da ba a kula da shi ba. Sai ƙafar ta yi zafi da raɗaɗi, kaluluwa ta fito, jiki ya ɗauki rawar sanyi, mutum ya kwanta kwana da kwanaki, ba gona ba kasuwa. Duk lokacin da wannan ya faru, hanyoyin ruwan sukan ƙara lalacewa, kumburin ya ƙaru. Da haka fata take yin kauri da kaushi, ta naɗe, ta fitar da ƙuraje da gyambo mai wari. Idan ƙwayoyin suka kai ga jini, ana iya rasa rai.

Akwai kuma ƙyamar jama'a, wadda kan raba aure, alhali ba a ɗaukar ciwon ta taɓa jiki ko cin abinci tare.

Maganin Mectizan da albendazole da ake rabawa kyauta yana tsayar da yaɗuwar tsutsar. Da shi da gidan sauro aka kai ga sanarwar kawar da cutar a jihohin Filato da Nasarawa a 2017. Amma ba ya sacce ƙafar da ta riga ta kumbura. Abin da ke rage zazzaɓin shi ne wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu, a ɗaga ta lokacin hutu, a riƙa motsa ta, a sa takalmi mara matsi. Kada a yarda da kaho ko sakiya ko tsaga, domin ƙofa suke buɗe wa cuta. Idan zazzaɓin ya taso, a kai majinyaci asibiti a ranar.