CIYAWA MA TANA BUKATAR HUTU

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani abu da muke takawa kullum ba mu kula da shi ba, watau ciyawa. Dalilina shi ne, shekaran bara da bazara sai da babana ya sayar da shanu biyu cikin biyar da muke da su a kan kuɗi ƙalilan, domin sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ba cuta ce ta kama su ba, yunwa ce.

Kakana ya sha gaya mini cewa sa'ad da yake yaro, in mutum ya tashi daga Wurno ya nufi Raba da kaka, gamba takan ɓoye shi, shi da jakinsa. Yau kuwa in ka bi hanyar, abin da za ka fi gani shi ne ƙarangiya da tafasa da tumfafiya, sai kuma faƙo. Ya ce abin ya soma tun farin 1972 zuwa 1974, aka kuma sake wani a 1984. To, amma fari ya zo ya wuce, me ya hana gamba komowa?

Da na kai wa malaminmu na aikin gona wannan tambaya, sai ya ce ciyawa iri biyu ce. Akwai mai shekara ɗaya, kamar kyasuwa da burburwa, wadda takan mutu da rani, sai irin da ta zubar ya tsiro da damina. Akwai kuma mai daɗewa, kamar gamba, wadda ranta yake cikin saiwa. Ganye shi ne madafar ciyawa, nan take haɗa abincinta da hasken rana, ta aika da saura cikin saiwa ta ajiye. In saniya ta ci ganyen ta wuce, gamba takan ɗebi ajiyarta ta sake toho, ba wata ɓarna. Amma in tana tohowa ana cinyewa, yau da gobe ajiyar takan ƙare, saiwa ta gajarce, tushen ya mutu. Kyasuwa kuwa, in aka cinye ta kafin ta zubar da iri, ba abin da zai tsiro baɗi. Sai a bar wa tafasa da tumfafiya fili, tun da dabbobi ba su damu da su ba. Daga nan kofato ya daddale ƙasa, ruwan sama ya kasa shiga, ya kwashi ƙasar sama ya tafi da ita. Ashe ba ci ne yake kashe ciyawa ba, rashin hutu ne.

Kada mu ɗora wa makiyayi laifi shi kaɗai. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma da jama'a suka ƙaru, gonaki sun ci wurare da yawa har da burtali. Da can fadamar Rima ita ce mafakar shanu da rani. Bayan an gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya bunƙasa, ga shinkafa ga albasa ga tafarnuwa. Wannan alheri ne, amma ya rage wa dabbobi wuri. Ga kuma rashin tsaro da ya tsananta a gabashin Sakkwato tun wajen 2018, wanda ya sa mutane suka ji tsoron kai dabbobi dajin Gundumi, suka tara su a bakin gari. In baki ya yi yawa, akushi ya ƙanƙance, ai dole a yi faɗa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu neman magani. A jihar Maraɗi, tun wajen 1984 manoma suka soma barin kututturan itatuwa su sake toho a gonakinsu, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar. A jihar Tawa kuma sukan haƙa rami mai siffar rabin wata a kan faƙo, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, don ya tare shi.

Bara da bazara ni da ƙanena muka gwada wannan a wani faƙo da ke gefen gonarmu. Muka kewaye taki ashirin da ƙaya, muka haƙa ramukan, muka zuba taki, muka watsa irin kyasuwa. Da ruwa ya zauna muka dasa tushen gamba. Kakana ya yi ta yi mana dariya, yana cewa, "Kai ɗan boko, yau kuma ciyawa ake nomawa?" A watan Satumba kyasuwa ta kai mini ƙugu, bayan shinge kuwa ƙasa tana nan tsirara. Gamba dai rabinta ya mutu, domin mun makara wajen dashe. Ba mu sa lauje ba sai da iri ya zuba, sa'an nan muka yanka muka ɗora a kan rumfa. Ranar nan tsoho bai ce kome ba, sai ya ɗauki dami guda ya kai wa tumakinsa.

Ga abin da na koya. Na farko, a raba makiyaya kashi-kashi, a bar kashi guda ya huta kowace damina har iri ya zuba. Na biyu, a kau da dabbobi tun da sauran rabin ganye. Na uku, a daina cinna wa daji wuta. Na huɗu, a ajiye harawa da kara don bazara. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai hakimai da arɗo-arɗo da manoma sun zauna sun yarda da wurin da za a hutar.

Iyayenmu, ku ba mu ɗan faƙo guda bana mu gwada. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.